Katako Ɗaya don Gasa Biyu

A ƙauyenmu, can ƙuryar kwarin Prättigau, ba a gardama a kan kyautar ƙarshe ta Götti. Götti shi ne mutumin da ya riƙe yaro ranar baftisma. A shekarar da yaron zai tsaya gaban coci ya amsa imaninsa da bakinsa, da zarar dusar ƙanƙara ta fara zama a kan duwatsu, Götti zai kai shi shago ya saya masa katakon zamiya irin na manya, wato dogayen sirara biyun nan da ake ɗaurawa a ƙafa a zame a kan dusa. Da wannan katakon yaron zai sauko ranar gasar kulob ɗin masu zamiya, gari duka na tsaye a gindin gangare. Wanda ya sauko da katakon aro ya faɗa wa jama'a ke nan cewa Göttinsa bai san shi ba. An taɓa yi wa wani Götti haka, har ya bar duniya bai ƙara zama a teburin dattawa ba.

Luzi bai taɓa kawo wa ransa irin wannan ba. Manomi ne mai shanu, gemu duk furfura, kuma a ƙuruciyarsa babu wanda ya kama ƙafarsa a silalom, tseren nan da ake kafa sanduna ja da shuɗi kusa-kusa, mutum ya riƙa karkata a tsakaninsu. Da gwiwoyi suka ƙi, sai ya koma wasa ƙarfen gefen katako. Duk katakon 'yan kulob ta ɗakin aikinsa yake bi. In ya gama da magagari sai ya goga farcen babban yatsa a gefen. Ƙarfe ya kankare farce, aiki ya yi. Bai kankare ba, a sake.

Seraina ɗiyar ƙanwarsa ce. Shi ya riƙe ta a coci, shi ya fara ɗora ta a katako tun tana riƙe masa wando. Yarinyar tana da ƙafa, Luzi ya san haka, yana kuma faɗa ko ba a tambaye shi ba.

Ranar da suka shiga shagon Valtin bai tsaya dube-dube ba. Ya miƙe ya zaro katakon silalom, gajere, siririn ƙugu, mai tauri kamar ƙofar rumbu, ya tsayar da shi a gefenta.

"Ga shi nan. Valtin, auna takalminta."

Seraina ta bi katakon da ido daga sama har ƙasa. "Götti, wutsiyarsa a miƙe take."

"To a karkace kike so?"

"Ba ya tafiya da baya."

"Wa ya aike ki baya? Ido a gaba aka yi miki shi."

Valtin, abokinsa tun suna aji ɗaya, mai tumbi da tabarau a goshi, ya jingina da teburinsa. "Kai kaɗai ka rage ba ka sani ba a garin nan, Luzi. Yarinyarka rabin yininta a filin tsalle take yi."

Luzi ya sani. Ya dai ɗauka abu ne da zai wuce kamar mura. Filin tsallen yana bayan kurmi, inda matasa suka tara dusa tudu-tudu, suka kafa dogayen ƙarafa suna hawa suna zamewa a kai a gicciye, su juya a iska su sauka da baya. Bai taɓa taka wurin ba. Sunan da yake kiransa da shi, dandalin masu faɗaɗɗen wando.

"Na sa sunana a duka biyun," in ji Seraina. "Silalom da safe, filin tsalle da rana. Rana ɗaya ce, katako kuma ɗaya ne, ai ka fi ni sanin al'ada. In ka sayi wannan, na safe kawai zai yi mini."

"Sai ki bar na ranar."

"Ba zan bari ba."

"To ki ari na wani ki je ki yi shirmenki."

"In zan ara da rana, da safe ma aro zan yi."

A hankali ta faɗa, ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma kau da ido ba. Luzi ya gane sarai abin da take nufi. Valtin ya sauko da tabaransa kan hanci ya dube su ɗaya bayan ɗaya.

"Ko kai ka haife ta sai haka," in ji shi. "Bari in ɗora kofi, na ga yau a nan za ku yini."

A nan ɗin suka yini. Valtin ya ɗauko irin wanda 'yan filin tsalle suke hawa, mai kai biyu a tanƙware. Luzi ya dafe tsakiyarsa da tafin hannu ya danna, katakon ya lanƙwashe ba gardama.

"Wannan taliya ce da aka manta a tukunya. Ga faɗi kamar katakon yanka burodi. Kafin ki juya shi daga gefe zuwa gefe an tuge sanduna an tafi gida."

Aka ɗauko wani mai tauri. Seraina ta kifa shi ta dubi wutsiyar. "Wannan in na sauka da baya zai caki dusa, sai dai ku zo duba ni asibiti."

Aka ɗauko wani, Luzi ya ce dogo ne. Aka ɗauko wani, Seraina ta ce ƙarfen gefensa siriri ne, mako biyu a kan ƙarfe zai tsage. Masu sayayya suka shigo suka fita, wasu suka tsaya kallo. Can Valtin ya shiga ciki ya fito da wani da babu wanda ya kula shi tun bara. Kai biyu ne a tanƙware, amma ƙugunsa bai fi na silalom da yawa ba. Ƙarƙashin ƙafa da tauri, bakin biyu da ɗan laushi, ƙarfen gefe kuma mai kauri.

Luzi ya kwantar da shi a kan gefensa a ƙasa, ya danna tsakiya ya ga irin bakan da ya yi. Ya daɗe yana kallo.

"Zai yi miki nauyin juyawa inda sanduna suka matse. Sai kin fara juyi da wuri."

"Sai in fara da wuri."

"Da baki ai da sauƙi."

"Kai ka koya mini, Götti. Ko ba ka yarda da koyarwarka ba?"

Suka koma kan inda za a ɗaura maɗaurin takalmi. Luzi ya ɗora yatsa can baya, inda na tsere yake zama. Seraina ta ɗora nata a tsakiyar katako cif. Valtin ya ciro fensir daga bayan kunne ya ja layi tsakanin yatsun biyu.

"Ku ji tun yanzu, kada a dawo mini da shi. Katakon nan ba zai ba ki na ɗaya da safe ba, ba zai ba ki da rana ba. Ɗan tsakiya ne."

"Zai kai ni ƙasa sau biyu?"

"In ƙafarki ta yarda."

"Shi ke nan."

Luzi ya biya fuska a murtuke. Amma a hanyar gida, tana gabansa da katakon a kafaɗa, ya kama kansa yana murmushi cikin gemu. Shekara da shekaru babu wanda ya ja da shi a kan katako yana kuma sanin abin da yake faɗa.

A shagon nan Luzi ya yi daidai. Ya saurara, abin da ba halinsa ba ne. Kuskurensa yana gaba, kuma daga inda ya fi ƙwarewa ya fito.

Ana saura 'yan kwanaki gasar, Seraina ta biyo da tsakar rana shan miyar sha'ir wurin Menga, matar Luzi. Ta jingina katakonta a bangon garke ta shiga. Luzi ya fito daga wurin shanu ya gan shi, hannunsa ya kai kansa ba tare da ya yi niyya ba. Ya goga farce a gefen. Farcen ya zame sumul. Ya sake gogawa ƙarƙashin maɗauri, ya ji ƙarfen ya zama kamar bakin cokali.

Kunya ta kama shi. Ɗiyar baftismar Luzi, ana gab da gasa, tana yawo a gari da dakusasshen katako. Ya ce a ransa yaran yanzu ba su san kula da kaya ba, ta bi ta kan duwatsu ta cinye kaifin ko a jikinta. Bai shiga ya tambaye ta ba. Ya ɗauki katakon ya kai ɗakin aiki, ya matse shi a teburi, ya sa magagari. Ya yi aikin da bai taɓa yi wa kowa irinsa ba, daga kai har wutsiya, har ƙarfen ya riƙa aske gashin hannunsa. Ya shafa kaki, ya goge, ya mayar da shi bango yadda ya same shi. Ya shiga ya zauna ya sha miyarsa bai ce komai ba, yana jin daɗin alherin da ya yi a ɓoye.

Kafin la'asar ƙanwarsa ta kira waya. Seraina ta faɗo daga kan ƙarfe a filin tsalle.

Ya same ta a kicin ɗin uwarta, zaune da ƙullin ƙanƙara a kafaɗa, leɓenta na ƙasa a fashe ya kumbura. Likita ya duba ya ce babu karaya. Katakon yana jingine a bakin ƙofa.

"Sannu," in ji Luzi. "Ai na faɗa miki wurin nan..."

"Kai ka wasa shi?"

"Ni na wasa shi. A dakushe na same shi kamar..."

"Ni na dakusar da shi, Götti. Da hannuna. Yini guda na yi ina yi."

Luzi ya tsaya da hularsa a hannu. A duk rayuwarsa bai taɓa jin mutum mai hankali ya ce ya dakusar da katako da gangan ba.

"Ba a hawa ƙarfe da kaifi," in ji ta. Maganar tana fita da ƙyar saboda leɓen. "Kaifi kama ƙarfe yake yi. Ina hawa ya cije, katako ya tsaya, ni na wuce. Yaro ɗan shekara takwas a filin nan ya san wannan."

"Ba ki faɗa mini ba."

"Ba ka tambaye ni ba. Ina cikin gidanka, bango ɗaya ne tsakaninmu." Ta gyara ƙanƙarar a kafaɗa. "Ka saya mini shi, amma har yanzu gani kake naka ne. Ranar Asabar zan ari na ƙawata. Duka biyun."

Uwarta ta buɗe baki za ta yi magana, Luzi ya ɗaga mata hannu. Ya sa hularsa ya fita.

A gida Menga ta ji labarin har ƙarshe tana yanka cuku. Ba ta lallashe shi ba.

"Da ka fasa mata wuya fa?"

"Alheri na yi nufi."

"Na sani. Kai komai ka gani sai ka wasa shi. Wuƙar man shanuna ma ba ka bari ba."

Gaskiya ta faɗa. Mutumin da ya iya abu ɗaya da kyau yakan ɗauka duk duniya wannan abin take jira, kuma irinsa ya fi malalaci haɗari, don shi ba ya barin abu yadda ya same shi.

Washegari, bayan tatsa, Luzi ya hau kujerar da waya ke ja sama zuwa kan dutse, ya bi ta bayan kurmi ya shiga filin tsalle. Matasan da ke wurin suka yi cirko-cirko. Wani ya ce wa ɗan'uwansa, "Kai, ɓoye katakonka, ga mai magagari nan." Luzi ya wuce su.

Ya tambaya aka nuna masa ƙarfen da ta faɗo a kai. Dogo ne, zagayayye, tsayinsa daga ƙasa ya kai ƙugu. Ya cire safar hannu ya bi shi da yatsa, har ya kai wurin. Kaifin da ya wasa ya yanki ƙarfen, ya tayar da ɗan siririn ɓawo a murɗe kamar na fensir. A da, da ya ga irin wannan sai ya kira mutane su zo su ga aiki. Yanzu da ya dubi tsayin ƙarfen, ya dubi daskararriyar dusar da ke ƙasa, sai ya janye yatsansa.

Bai tafi ba. Ya koma gefe ya tsaya yana kallo, irin kallon da yake yi wa masu tsere. Ya ga wanda ya jingina baya ƙafarsa ta tsere masa. Ya ga wata da ta ajiye nauyinta daidai a tsakiya, gwiwa a sake, ido a ƙarshen ƙarfe ba a ƙafa ba, ta wuce kamar an ja ta da zare. Babu gefen da za a dogara da shi a nan, babu abin da zai riƙe mutum sai tsayuwarsa. Ya yi shekaru yana kiran abin shirme bai taɓa zuwa ya gani ba. Sanyi ya shiga gwiwoyinsa kafin ya sauko.

Kai tsaye gidan ƙanwarsa ya nufa. Seraina tana zaune a matakala tana ɗaure takalmi da hannu ɗaya.

Luzi bai iya ba da haƙuri ba, bai taɓa koya ba. Ya tsaya a gabanta ya ce, "Na je wurin."

Ta ɗago. "Wane wuri?"

"Wurin naku. Na ga inda ya cije. Laifina ne. Ba naki ba, ba na katako ba."

Ta ci gaba da ɗaure takalmin.

"Da safe dole sai da kaifi," in ji Luzi. "An ce daren Juma'a zai yi sanyi sosai, gangaren zai zama kamar gilashi. In kika hau shi a dakushe ba za ki wuce sanda ta uku ba. Ki bar shi yadda yake ki yi tseren. Kina isowa ƙasa ni zan kashe kaifin, in kin nuna mini yadda ake yi."

"Kai?"

"Ni."

"A gindin gangare? Gaban su Valtin?"

"Ai babu lokacin zuwa gida."

Ta daɗe tana kallonsa. "Ka san in ana wasawa ana kashewa, ƙarfen ba zai wuce hunturu biyu ba."

"Na fi ki sani. Ƙarfe ne, don a ci shi aka yi shi."

Ta ja igiyar takalmin da haƙori ta ƙulle. "Zan gani," in ji ta. Iyakar abin da ya samu ke nan.

Ranar Asabar gari ya waye garau, sanyi kamar ya tsaga dutse. Luzi ya tsaya a inda yake tsayawa kowace shekara, kusa da layin ƙarshe, tare da dattawan kulob. A aljihunsa akwai magagari da ɗan dutsen goge ƙarfe. Labari ya riga ya zaga gari. Babu wanda ya yi masa maganar, kuma hakan ya fi maganar ciwo. Wani ya miƙo masa busasshen nama, ya karɓa ya riƙe bai ci ba.

Yara suka fara saukowa ɗaya bayan ɗaya. Ƙanƙarar tana ƙara ƙarƙashin ƙafafunsu kamar ana yaga zane. Wasu suka zame suka fita, wasu suka iso. Aka kira sunan Seraina a lasifika.

Daga ƙasa ba a ganin mai farawa sai ya zagayo kafaɗar dutse. Luzi ya kafa ido a wurin. Ta ɓullo, ƙarama, cikin jar riga. Bai iya gane katakon daga nesa ba. Sai ta yi juyi na farko, dusa ta tashi a bayanta sama kamar wutsiyar zakara, abin da tanƙwararriyar wutsiya kaɗai ke yi. Katakon ƙawarta ma mai kai biyu ne, amma da shi ne da tuni ya zame a wannan gilashin. Wannan ya cije ƙanƙarar ya riƙe.

Valtin ya zungure shi da gwiwar hannu. "Naka ne, tsoho. Numfasa."

Wasu suka yi dariyar wutsiyar dusar. Luzi bai ji su ba. Yana ganin tana fara kowane juyi da wuri, tun kafin ta kai sanda, kafaɗar da ta bugu a ɗan maƙale. A saman gangaren babu wanda ya fi ta tsabtar layi. Da ta zo inda sanduna suka matse, katakon ya nuna halinsa, ya yi mata nauyi, ta makara a ɗaya, ta buɗe ta kusa fita, ta jawo shi da ƙarfin cinya ta dawo. Ta ƙetare layi. Ta zo ta huɗu.

Ta zo ta tsaya a gabansa tana haki, ta taka maɗauri ta cire katakon, ta tura masa da ƙafa.

"Ga shi. Kada ka yi mini rowar hannu."

Luzi ya durƙusa a dusa, gwiwoyinsa suka yi ƙara. Ya kifa katakon a cinyarsa ya ciro magagari. Dattawan suka matso suka kewaye shi.

"Me za mu gani haka?" in ji wani. "Ai yanzu ta sauko, kaifin bai tafi ba."

"Kashe shi zai yi," in ji Valtin. "Ku matso da kyau, ba za ku sake gani ba. Wa ke da abin ɗaukar hoto?"

"Luzi, in tsufa ne ka faɗa mana, mu nemi wani mai wasa mana."

"Shekarun baya na kai masa nawa da ɗan tabo, sai da ya yi mini wa'azi har shanu suka yi kuka."

Luzi bai ɗago ba. "Daga ina zuwa ina?" ya tambaye ta.

Seraina ta tsuguna ta nuna da yatsa. "Daga nan, gaban maɗauri, zuwa nan. Karkata magagarin. A'a, ƙara. Kusurwar kake so ka cinye."

Ya ɗora magagarin a karkace kan kaifin da ya fi alfahari da shi, ya ja. Hannunsa ya so ya miƙe da kansa, ya koma yadda ya saba, sai da ya danne shi. Ya sake ja. Ɓawon ƙarfe ya zubo a wandonsa. Ya bi gefe huɗun ɗaya bayan ɗaya, bai yi gaggawa ba, bai kuma yi aikin ganin ido ba. Ya sa dutse ya goge har babu ƙaya ko ɗaya. Tsokanar ta yi ta raguwa har ta mutu, don ko wawa ya ga cewa mutumin aiki yake yi, kuma da kyau yake yin sa.

Ya miƙa mata. Ta cire safar hannu ta shafa daga farko har ƙarshe, ta juya ɗayan ta shafa.

"Ya fi nawa," in ji ta.

"To da fa."

Da rana gari ya koma bayan kurmi. A da dattawa ba sa zuwa wannan ɓangaren, gidan shan kofi suke wucewa. Ranar nan da Luzi ya nufi can sai suka bi shi, suna gunaguni, suna cewa kiɗan wurin zai kashe musu kunne. Suka jeru a bakin igiya cikin tsofaffin rigunansu na ulu, matasa na satar kallonsu.

Aka zo kan Seraina. Ta taho a hankali, ta yi tsallen farko ta kama katakon da hannu a iska ta sauka lafiya. Sannan ta nufi ƙarfen, wanda ya kayar da ita. Ta daka tsalle ta hau a gicciye. Ƙarar ta fito doguwa, sumul, babu cizo. Nauyinta a tsakiya, ido a ƙarshe. Ta kai bakin, ta juya ta sauka da baya, wutsiyar ta hau kan dusa ta wuce. Ta taho da baya tana duban bayan kafaɗarta har gindin fili.

Matasan suka yi ta buga sanduna. Valtin ya ce, "Yanzu wannan mene ne sunansa?"

"Ban sani ba," in ji Luzi. "Amma ka ga inda ta ajiye ƙugunta? Je ka gwada, in ka iya na ba ka saniya."

A nan ma ba ita ta zo ta ɗaya ba. Wani yaro mai juyi biyu a iska ya ɗauka, ita aka ce ta uku. A duk ƙauyen ita kaɗai ta shiga gasa biyun, kuma da katako ɗaya ta gama su.

Ta zo bakin igiya, leɓen ya sake fashewa yana ɗan jini, tana murmushi da gefen baki.

"Yaya, Götti?"

Luzi ya gyara murya. "Hannunki na hagu yana faɗuwa. Da safe ya faɗi a sanduna, yanzu ma ya faɗi a kan ƙarfe."

"Kafaɗar ce ke ciwo. Wani ne ya wasa mini katako."

Dattawan suka kwashe da dariya, Valtin har da riƙe tumbi. Luzi ya bari suka gama. Sannan ya sunkuya ya ɗauki katakon, ya karkaɗe dusar, ya haɗa su ya saɓa a kafaɗarsa.

"Kawo, zan iya," in ji ta.

"Bar shi."

Akwai gajeriyar hanya ta bayan garkensa, ba ta nan ya bi ba. Ya bi ta tsakiyar gari, ta gaban coci da gidan shan kofi, a hankali, Seraina na gefensa, tanƙwararrun kawunan katakon a sama inda kowa zai gani.